Ranar da Aka Wanke Baba a Wurin Wankin Mota

Duk unguwa da Ƙarfe aka san Baba. Ya samo sunan tun yana saurayi a shagon walda, kuma bai rabu da shi ba har bayan da idanunsa suka gaza ya bar wa yaran shagon aiki. Mutum ne da bai taɓa yarda akwai abin da zai kayar da shi ba. In an ce ana sanyi, ya ce raki ne. In an ce ana zafi, sai ya naɗe hannun riga ya nuna tabon tartsatsi da ya cika masa damtse, ya ce wanda ya ƙare ƙuruciyarsa gaban wutar walda ba shi rana za ta razana ba.

Cikin 'ya'yansa, wadda ta kwaso taurin kan nan duka ita ce Auta. Suna ne kawai ya bi ta, don ta haura talatin, da 'ya'yanta biyu. Sana'arta koya wa mata tuƙi, da wata 'yar ƙaramar mota ja mai birki biyu, ɗaya a ƙafar direba, ɗaya a ƙafar wanda ke zaune a gefe. A wannan motar ta ɗauko Baba da yayarsa, Goggo, za ta kai su wani gari mai nisa, inda babban wanta, Yaya, ya gama ginin gidansa yana son tsofaffin su zo su gani.

Lokacin tsananin zafi ne, irin wanda kwalta ke laushi har tana kama takalmi. Esin da ke sanyaya cikin motar ya lalace, makanike kuma ya ce sai an kawo kayan gyara daga wani wuri. Shi ya sa Auta ta ce a tashi da sassafe. Amma Goggo ta ɓata safiyar wajen neman wata jaka da ashe tana rataye a kafaɗarta, Baba kuma ya kafe sai an goge masa wata baƙar kwat mai kauri da Yaya ya aiko masa. Kafin su bar gari, rana ta ɗaga sosai.

"Baba, kwat ɗin nan ta lokacin sanyi ce fa," in ji Auta. "Ka cire mana, in mun kusa sai ka mayar."

"Ɗana ya aiko, ɗana zai gan ni a ciki. Ke dai dubi hanya, Direba."

Ta miƙa masa gorar ruwa, ya ture da bayan hannu. Ta san dalili. Tun da aka ɗora shi kan maganin hawan jini fitsari ke yawan matsa masa, shi kuwa gara ya sha ƙishi da ya buɗe baki ya ce wa 'yarsa ta tsaya masa a gefen hanya. Tun daren jiya ya rage shan ruwa saboda tafiyar. Ta so ta yi magana, sai ta ga Goggo na kallonta ta madubi, ta haɗiye.

Suka kama hanya. Baba na gaba, ƙafarsa na kan birkin nan na biyu kamar shi ya saye shi. Da ta ɗan taka mota sai ya danna. Da ya hango akuya can nesa sai ya danna.

"Baba, ni ke koya wa mutane tuƙi fa."

"Shi ya sa hatsari ya yi yawa a ƙasa," ya ce. Goggo ta yi dariya har da tari.

Wajen tsakar rana suka faɗa cunkoso. Ana gyaran hanya, an tattara motoci duka a hannu ɗaya, wata bas kuma ta mutu a daidai wurin da ya fi matsi. Babu bishiya ko ɗaya, babu iska. Motar ta koma kamar tanda. Goggo na fifita da bakin mayafi tana salati, Auta na kurɓar ruwan da ya riga ya yi ɗumi. Baba ya leƙa kai ya ga abin da ya tsayar da bas ɗin: salansarta ce, wato bututun hayaƙi, ta faɗo tana jan ƙasa, direban da wasu mutane sun kewaye ta suna gardama ba mai taɓawa.

"Kai, dubi ragwaye," ya ce. Kafin Auta ta ce wani abu ya buɗe ƙofa. Ya cire kwat ɗin ya ninke ta a kan kujera don kada ta ɓaci, ya nufi bas ɗin kai ba hula.

Ta bi shi da gorar ruwa tana kira, bai ko juyo ba. Ya karɓi wayar ƙarfe da filaya a hannun direban, ya kwanta rigingine a kan kwaltar nan mai ƙuna, ya shige ƙarƙashin bas. Ya daɗe a can yana ba da umarni, a riƙe nan, a ɗaga can. Da ya fito, salansa ta ɗauru daram, mutane na ta yi masa kirari. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, fuskarsa na ƙyalli. Ya dawo mota yana tafiyar samari, ya mayar da kwat ɗinsa, ya ɓalle maɓallai har wuya.

"Sha ruwa, Baba. Don Allah."

"In mun isa."

Hanya ta buɗe. Auta ta taka mota don iska ta shigo, amma iskar ma kamar daga bakin murhu take fitowa. Sun yi tafiya mai ɗan nisa kafin ta lura da wani abu: ta wuce tirela biyu a jere, Baba bai taɓa birki ba, bai kuma ce uffan ba. Ta saci kallonsa. Ya jingina kai da kujera, bakinsa a ɗan buɗe, numfashinsa gajere-gajere kamar wanda ya yi gudu.

"Baba, lafiya?"

"Ku kashe gas ɗin nan," ya ce, harshensa ya yi nauyi. "Na ce ku kashe... wa ya bar tukunyar a buɗe?"

"Wane gas, Ƙarfe?" in ji Goggo daga baya. "Mafarki kake da rana tsaka?"

Ya juyo ya dubi Auta, idanunsa jawur, ba sa tsayawa wuri ɗaya. Sai ya kira ta da sunan mahaifiyarta, wadda ta daɗe da rasuwa, ya tambaye ta ko yara sun dawo daga makaranta.

Auta ta kai hannu wuyansa ta janye da sauri. Jikinsa kamar murfin injin da ya wuni yana aiki, kuma a bushe ƙamas. Gumin nan da ya jiƙa masa riga ɗazu ya ɗauke gaba ɗaya. Tana cikin wannan ne Baba ya miƙe ƙafa ya danne birkinsa da iyakar ƙarfinsa. Taya ta yi ƙara, motar ta kwashe gefe, goshin Goggo ya bugi kujera. Wata mota ta wuce su da ham mai tsawo, direbanta na zagi. Da kyar Auta ta ɓamɓare ƙafar Baba daga kan birkin, ta gangara gefen hanya.

"Zazzaɓi ne ya sauko masa," in ji Goggo, tana lalube cikin jaka. "Ga farasitamol nan, ɗura masa biyu. Sai mu lulluɓe shi ya yi gumi, ya fita."

Auta ta tare hannun Goggo. Kafin a ba ta lasin koyar da tuƙi an tilasta musu zaman koyon taimakon gaggawa, zaman da ta yi rabinsa tana hamma. Amma wani abu ɗaya ya maƙale mata, don malamar ta yi ta maimaita shi tana buga tebur: wanda zafi ya buge har ya fara sambatu, jikinsa dahuwa yake yi daga ciki, kuma a sanyaya shi tukuna kafin a yi maganar ɗaukarsa. Ba ta yarda da ƙwaƙwalwarta ba, sai ta buga lambar gaggawa. Wata mata ta ɗauka.

"Yana gane ki?"

"A'a."

"Jikinsa fa?"

"Ba ya taɓuwa don zafi. Kuma ba gumi."

"To saurara. Kada ki ba shi komai ta baki, ko ruwa, zai iya shaƙe shi. Kada ki ba shi maganin zazzaɓi, ba zazzaɓi ba ne. Nemi inuwa, cire masa kaya, ki yi ta zuba masa ruwa mai sanyi ba ƙaƙƙautawa, a riƙa yi masa fifita. In kin samu ƙanƙara, wuya da hammata da matsematsi. Motarmu za ta taso yanzu, amma aikin hanyar nan zai riƙe ta. Kada ki zauna jiranmu."

Kafin Auta ta ajiye waya, Goggo ta riga ta kira Yaya a tata wayar, ta saka shi a lasifika. Muryarsa ta cika motar.

"Ke Auta, kada ki tsaya ko'ina. Taho da shi kai tsaye babban asibitin nan namu, na san likitan. Yanzu zan kira shi."

"Yaya, sauran tafiyar ta fi awa. A motar nan ba zai kai ba."

"Ke likita ce? Ni ne babba, ni na ce ki taho."

Tun tana ƙarama, in Yaya ya ce ni ne babba, magana ta ƙare. Shi ya zaɓa mata makaranta, shi ya so hana ta sana'ar tuƙi sai da Baba ya sa baki. Ta dubi Baba, kansa ya langaɓe, yawu na bin gefen bakinsa.

"Kai ne babba a can," ta ce. "A nan ni ke riƙe da shi." Ta miƙa hannu baya ta katse wayar a hannun Goggo.

"Innalillahi! Wan naki kika kashe wa waya?"

Auta ta tada mota. Gorunan ruwan da suka rage ba za su jiƙa ko kansa ba, su ma sun yi zafi. Tana tafe tana raba ido dama da hagu, ba gida, ba shago, sai fili. Can gaba kaɗan, a bakin wani ɗan ƙauye, ta hango rumfar kwano mai faɗi, da babban tanki a kan ƙarfe, da ruwa na gangarowa bakin titi. Wurin wankin mota ne. Ta karya kan motar ta shige har cikin rumfar, ta tsaya gefen wata baƙar jif da aka shafe rabinta da kumfa.

Mai wurin, wani ƙato da takalmin roba har gwiwa, ya taso da soso a hannu. "Malama, layi ake bi. Kin ga ina kan wata."

"Ba mota na kawo ba, mutum na kawo. Ba ni tiyo."

Ya leƙa ya ga Baba, ya ja da baya. "A'a, a'a. Asibiti ake kai mara lafiya, baiwar Allah. In tsohon nan ya cika a nan, ni 'yan sanda za su kwasa."

"In ya cika, a hannuna ya cika, ni 'yarsa. Kowa a nan shaida ne. In kuwa ka hana ni ruwa ya cika, wallahi ni zan kawo maka 'yan sandan da kaina."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta zagaya ta buɗe ƙofar Baba, ta sa hannu ƙarƙashin hammatarsa ta ja. Baba ba ƙaramin mutum ba ne, nauyinsa ya kusa kai ta ƙasa. Mai jif ɗin, wani dattijo cikin fararen kaya tas, yana zaune kan benci yana danna waya. Auta ta ga ya miƙe ya nufo ta, ta shirya masa amsa a bakinta, don ta ɗauka ƙorafin motarsa zai yi. Ashe ba ƙorafi ya kawo shi ba. Ya sunkuya ya kama ƙafafun Baba, suka shimfiɗe shi a kan daɓen siminti cikin inuwa, kumfa na ɓata masa fararen kayan.

Kwat ɗin ta ƙi fita. Baba ya ƙanƙame hannuwansa a ƙirji yana gurnani, jikinsa ya sandare. Auta ta ruga but ɗin motarta, ta ɗauko almakashi daga akwatin taimakon gaggawa, ta kama kwat ɗin daga wuya ta tsarge ta har ƙasa, sannan hannuwa. Rigar ciki da singileti ma haka. Ta cire masa takalmi da safa, ta naɗe ƙafafun wandon har cinya.

Goggo ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Kwat ɗin da Yayanku ya aiko! Ke yarinyar nan kin haukace ne?"

Mai wurin ya tsaya yana kallo, sannan ya yi tsaki kamar wanda aka tilasta. Auta ta kai hannu ga bindigar ruwan da yake wanke mota da ita, ya riƙe hannunta. "Ba wannan ba, zai yage masa fata. Ga wannan." Ya jawo wani tiyo na roba ya murɗa famfo. "Bari ya zuba tukuna, na farkon ya sha rana."

Gaskiyarsa, ruwan farko har tururi yake. Auta ta tara hannu tana jira, kowace daƙiƙa kamar ana yankar naman jikinta. Da ta ji ya yi sanyi, ta juya shi kan Baba: kai, wuya, ƙirji, ciki, cinyoyi, ta dawo kai. Ruwan da ke sauka daga jikinsa ɗumi gare shi.

A nan ne Goggo ta fasa kuka. Ta cire mayafinta ta faɗa kan ƙanenta tana ƙoƙarin rufe shi. "Wankan gawa za ki yi wa ƙanena da ransa? A bakin titi, tsirara, gaban jama'a? Mutumin da ko 'ya'yansa ba su taɓa ganin cikinsa ba? Ba da ni ba!"

Auta ba ta taɓa ɗaga wa Goggo murya ba. Ita ta raine su bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi mata kitso har ta girma. Amma ta fizge mayafin daga jikin Baba da hannu ɗaya, ɗaya hannun bai daina zuba ruwa ba.

"Goggo, in kika rufe shi, ke kika kashe shi. Na faɗa miki a gaban kowa. In mutuncinsa ne ya dame ki, tashi ki riƙe mayafin nan ta bakin titi, ki tare idon mutane. Amma jikinsa ba za ki taɓa ba."

Goggo ta dube ta kamar yau ta fara ganinta. Sannan ta miƙe, ta ware mayafin tsakanin hannuwanta biyu, ta juya wa Baba baya ta fuskanci titi. Tana riƙe tana kuka tana faɗa: "Allah ya shirye ki. Allah ya shirye ki, mara kunya. Duk laifin ubanki ne da ya sake miki."

Wata mata mai sayar da lemo a gefen rumfar ta jawo kularta ba tare da an roƙe ta ba. Ta kwashe kwalaben ta zube a ƙasa, ta fasa ƙanƙarar da dutse. Suka ƙulla ta cikin guntayen singiletin da aka yanka, suka cusa a hammata biyu, da gefen wuya, da matsematsi. Ruwan ƙanƙarar da ya rage a kula ta juye masa a ƙirji. Mai jif ya zaro shimfiɗar ƙafa ta roba daga motarsa ya kama fifita da hannu biyu.

Kafin a jima mutane sun taru. Masu wucewa, masu babura, 'yan ƙauyen. Kowa da maganinsa. Wani ya ce a shafa masa albasa a tafin ƙafa. Wani ya ce aljanu ne na tsakar rana. Wani tsoho ya ce a zamaninsu 'yar da ta tuɓe ubanta a kasuwa ba ta kwana a gidan. Wata ta matso da kofi za ta ɗura wa Baba ruwa a baki, Auta ta tare da gwiwar hannu. Ba a rufe baki ba Baba ya fara yunƙurin amai. Ita da mai wurin suka juya shi kan gefensa, ta share masa baki da yatsa, ta ci gaba da zuba ruwa a bayansa.

Da ta ɗago kai sai ta ga wayoyi. Mayafin Goggo bai isa ya tare kowane ɓangare ba, wasu samari sun zagayo ta gefe suna ɗauka. Wani har ya durƙusa don ya samu fuskar Baba da kyau. Auta ta toshe rabin bakin tiyon da babban yatsa, ta juya shi kansu. Ruwan ya same su a fuska da wayoyin, suka watse suna ihu.

"Duk wanda bai riƙe kwali yana fifita ba, ya bar nan!" ta ce. "Ba wasa muke nunawa ba."

Biyu daga cikinsu suka tafi suna zagi. Ɗaya ya tsaya, ya sa wayar a aljihu, ya tsinci kwalin sabulu ya zo ya tsaya gefen mai jif.

Lokaci ya yi ta tafiya, Baba bai motsa ba. Hannun Auta ya sage, zanenta ya jiƙe ya manne mata, wayarta na ta ruri a cikin mota, ta san Yaya ne. Tsoro ya fara cin ta. In fa Yaya ne da gaskiya? In da ta taka mota, da yanzu sun yi nisa. In Baba ya mutu a nan, kan simintin wankin mota, cikin kumfa da baƙin mai, har ta koma ga Allah ba wanda zai yafe mata a gidansu. Ta ji ƙafafunta na neman ɗaukarta su mayar da shi mota. Ta cije leɓe ta durƙusa daidai kunnensa.

"Ba ka isa ba, Baba," ta ce a hankali. "Ba ka isa ka bar ni da mutanen nan ba. Kai ka ce rana ba ta isa da kai ba. To tashi ka nuna mini."

Ruwan tiyon ya fara raguwa. Mai wurin ya ɗaga kai ya dubi tankinsa, ya dubi jif ɗin da kumfa ta bushe a jikinta, ya girgiza kai. Sannan ya hau tsani ya buɗe wani tanki na biyu da yake ajiye.

Mai lemo ce ta fara lura. Ta ɗora bayan hannu a goshin Baba ta ce, "Ya fara taɓuwa." Auta ta taɓa. Da zafi har yanzu, amma zafin mutum ne, ba na ƙarfe ba. Numfashinsa ya fara tsawo. Hannuwan da ya ƙanƙame suka saki. Can sai fatar idonsa ta motsa, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya dubi kwanon rumfa, ya dubi mutumin da ke masa fifita da shimfiɗar mota.

"Wane ɗan iska ne ke jiƙa ni?" ya ce, muryar can ƙasa.

"Ni ce, Baba. Wace ce ni?"

Ya daɗe yana kallonta. "Auta," ya ce. "Ke da wa kike tsammani?"

Goggo ta saki mayafin ta zube a ƙasa tana hamdala. Auta ba ta yi kuka ba, ba ta kuma saki tiyon ba. Haka motar asibiti ta iske ta. Wani ma'aikaci ya diro da jaka, ya duba Baba, ya auna zafinsa, ya dubi ƙanƙarar da yankakkiyar kwat.

"Wa ya ce a zuba masa ruwa?"

Auta ta gyara tsayuwa, ta shirya wa wani sabon faɗan. "Ni ce."

"To ci gaba. Kada ki tsaya sai mun sauko da gado."

Asibitin wani ƙaramin gari aka kai shi, aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Likita ya ce zafin ya taɓa ƙodarsa, za ta farfaɗo amma ba lallai ta koma kamar da ba, kuma daga yau shi da rana sai daga nesa. Kafin la'asar ta yi sanyi Yaya ya iso, ya ja Auta zuwa barandar asibitin. Bai tambaye ta yadda take ba, ko da yake kayanta ba su gama bushewa ba. Wayarsa ya tura mata a fuska. Ɗaya daga cikin samarin nan ya riga ya saki abin da ya ɗauka, ga Baba kwance ba riga, ga ta tsaye kansa da tiyo.

"Kin ga abin da kika jawo mana? Abokan kasuwancina na ta turo mini. An wanke ubana kamar tsohuwar tasi! Kika kashe mini waya, kika yi wa Goggo tsawa. Za ki shiga ki durƙusa ki ba kowa haƙuri."

"Goggo zan ba haƙuri, don na ɗaga mata murya, kuma uwata ce. Kai kuwa ban yi maka komai ba."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Kai nake faɗa wa, Yaya. Shiga ka tambayi likitan da kanka abin da zai faru da na bi maganarka. Kuma ka sani, gobe in abin nan ya sake faruwa, ko a tsakiyar kasuwa ne, haka zan yi. Ko kai ne ka faɗi, haka zan yi maka, in ka farfaɗo ka zage ni."

Yaya ya shiga wajen likitan. Abin da aka faɗa masa bai maimaita wa kowa ba, bai kuma ba Auta haƙuri ba. Ya yi watanni ba ya ɗaukar wayarta, sai dai matarsa ta riƙa kira tana gaishe ta a ɓoye. Goggo ta karɓi haƙurin, amma har yau in ta tashi ba da labarin, cewa take addu'arta ce ta tashe shi, ruwan nan bidi'a ce kawai ta yaran zamani.

Shi kuwa Baba, da ya gama dawowa hayyacinsa aka ba shi labari, sai ya juya fuska bango. Kwana da kwanaki in Auta ta shigo ɗakin sai ya rufe ido. Ba ta fasa zuwa ba. Takan ja kujera ta zauna inda in ya buɗe ido dole ita zai gani.

Ranar da za a sallame shi, tana haɗa masa kaya a jaka, ya yi gyaran murya.

"Har yanzu kina nan?"

"Ina nan."

"Na ce ba na son ganinki."

"Na ji."

Ya mayar da ido kan silin. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, muryar ma ba ta gama dawowa ba.

"An ce mutane sun taru."

"Sun taru."

"Da mata a ciki?"

"Da mata. Wata ma ita ta sa maka ƙanƙara a hammata."

Baba ya runtse ido kamar an soka masa allura. "Da kin bar mini ko singileti, ke kuwa."

"Na bar maka wando, Baba. Shi ma sai da na yi shawara."

Wani abu ya taso masa daga ƙirji, ya so ya mayar da shi tari, ya ƙi mayuwa. Ya yi dariyar har sai da ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Da ya gama, ya share ido da bakin zanen gado, ya ɓata fuska kamar ba shi ba.

"Mara kunya," ya ce. "Zo ki kama ni in tashi."